Yadda Ake Ƙirga Bulon Banɗaki da Kwamfuta

Wani dare na ji ƙara a ƙofar gidana, ƙii-ƙii-ƙii, kamar tsuntsu mai ciwon haƙori. Daga ita na samo ilmin nan. Ka bi shi, na yi maka alkawari katangarka za ta tsaya cif inda tawa ta tsaya.

1. Ka samu dalili. Ni dangin saurayin 'yata Winifred ne za su zo neman aure daga Kafanchan, su kwana. Banɗakinmu kuwa na zana ne, akuya ta cinye rabi.

2. Ka raina magini. Da ido yake ƙirga, ya ƙara maka wai na tsautsayi. Tafi Samaru wurin Japheth mai kwamfuta. Zai zana katangar a gilashi, ya kifa ta, ba ta faɗi ba. Na sa ya yi ta juya ta har aka ɗauke wuta.

3. Ka sayi abin da kwamfutar ta ce, kada ka ƙara ko ɗaya. Ta cire ƙofa, ta cire kaurin siminti. Wa ya fi ta sani?

4. Ka jibge bulon a waje ya sha iska. A nan ilmin yake: bulon Sabon Gari yana tafiya da dare. Ƙarar nan ta tafiyarsa ce, ko da yake matata ta ce baro ne. Na ga wasu a ƙarƙashin kaskon ƙosan maƙwabciyata Mama Oby, wasu sun goya motar maƙwabcina Nwankwo marar taya. Japheth ya ce, "Baba Sati, manhajar ba ta da wurin sa maƙwabta."

5. In katanga ta tsaya iya cibiyarka, ka ce sabon yayi ne. Magini zai ce, "Ai na faɗa maka." Kada ka kula.

6. Ka koya wa baƙi wanka a tsugune. Kawun saurayin dattijon coci ne mai ciwon gwiwa. Ya miƙe da kumfa a ka, daidai lokacin da 'yan zumuntar matan coci ke wucewa. Suka gaishe shi. Ya amsa. Kafin rana ta yi tsaka sun kama hanyar tasha, an ɗage maganar aure.

Wanda ya bi wannan ya rasa suruki, ba ruwana, ya nemi Japheth. Ni ma Winifred ba ta yi mini magana ba tukuna.

Jiya muna tsaye a waje, Mama Oby ta gyara zama a kan bulo ta ce, "Baba, wai wane marar tsoron Allah ne ya kwashe muku bulo?"