Jarkar Garkuwar Munzali

"Ni da mura mun rabu tun ina ɗan shekara bakwai. Har gobe in ta hango ni sai ta canza hanya."

Munzali ke nan, telan bakin tashar Dutsi, mutumin da bakinsa ya fi kekensa gudu. Abokina, in ka ji yana bayanin lafiya sai ka rantse shi ya haifi asibiti. Alhali duk likitancinsa shirin rediyo ne na minti ashirin, shi ma ana tsakiya batir ya mutu.

Sai labari ya zo cewa Malama Siddiƙa, wata ma'aikaciyar lafiya daga Daura, za ta zo ran Asabar ta yi bayanin abincin da ke ƙarfafa garkuwar jiki, kuma za ta zaɓi mutum ɗaya ya riƙa zagaya ƙauyuka da ita, a ba shi riga mai tambari da lasifika. Gogan naka yana jin "lasifika" ya rufe shago, ya nufi gida wajen matarsa.

"Rahmatu, daga yau ki cire ni a tuwo. Tuwo abincin marasa ilimi ne."

"To me za ka ci, Malam?"

"Garkuwa zalla."

Ya samo jarka. Ya zuba tafarnuwa kwano guda, da citta, da zogale, da tsamiya, da nono, da zuma, da ɗanyen ƙwai tara. Ya toshe bakinta ya ajiye a rana, wai don bitamin ya nuna.

Rahmatu ta ce, "Ni na ji ƙarshen shirin nan a maƙwabta. Cewa aka yi a riƙa cin kowanne kaɗan-kaɗan kullum, da hatsi da wake da ganye."

"Kaɗan-kaɗan na ragwaye ne. Ni garkuwar shekara zan haɗa a mako."

Kafin haɗin ya nuna, tafarnuwa kawai yake tauna. Kwana biyu, sahun da ya tsaya a masallaci ya zama nasa shi kaɗai. Ya ce kwarjini ne. Kwana huɗu, wuyansa ya koma kamar mariƙin ludayi, ga atishawa bakwai-bakwai. Ya ce garkuwa ce ke share hanya.

Da safiyar Asabar jarka ta kumbura tim, tana huci tana kumfa. Warin ya tsallaka katanga, ya jawo Malam Sha'aban na hisbar unguwa, da jama'a a bayansa.

"Malam Munzali, an ce kana dafa giya."

"Giya? Wannan kimiyya ce. Tsaya ka gani."

Ya tsiyaya moɗa guda ya shanye. Ya ƙara ta biyu. Ganin mutane sun zuba ido, ya ƙara ta uku har da lashe baki, hawaye na zuba. Malam Sha'aban ya sunsuna jarkar, ya ja da baya yana riƙe da hanci.

"Jama'a a watse, ba giya ba ce. Mashayi ma yana tausayin kansa."

Da hantsi aka taru a ƙofar gidan dagaci. Munzali ya kame a bencin gaba cikin babbar riga, yana zufa. Malama Siddiƙa ta ce, "Wa zai faɗa mana abin da ke ƙarfafa jiki?" Ba ta rufe baki ba ya karɓe lasifikar. Ya ce, "Jama'a, ku dube ni," sannan ya sauke ta daidai cikinsa don ya gyara riga.

A nan cikin ya karɓi jawabi. Ya yi wani ruri, lasifika ta watsa shi har bakin kasuwa. Awaki suka tsinke igiya. Wani tsoho ya ɗaga kai sama ya ce, "Ikon Allah, hadari ba girgije." Munzali ya dire lasifikar, ya tattare riga, ya bi ta bayan gidan dagaci da gudun da bai taɓa yi ba ko a ƙuruciya.

Da dariya ta lafa, Malama ta tambayi jama'a wa ke girki a gidansa. Rahmatu ta miƙe a cikin mata.

"Ke da yaran lafiya kuke?"

"Ƙalau, Malama. Tuwon gero da miyar kuka, da wake, da kwaɗon zogale, in an samu gwanda ko mangwaro a sha. Muna wanke hannu kafin mu ci."

"Shi ke nan laccar tawa." Ta miƙa mata rigar.

Sai ga Munzali ya dawo daga zagaye na biyar, yana dafa bango, hula a karkace.

"Malama, ni fa? Ni ne mai ilimin gidan."

Malama Siddiƙa ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ma kana cikin tafiyar, Malam. Mun daɗe muna neman hoton abin da za mu ce wa mutane kada su yi, ba mu samu ba. Kai dai ka tsaya a haka, kada ka gyara hular."