Yadda Za Ka Fitar da Ma'aikata Arba'in Cikin Minti Uku, a Takarda

Ya kai manajan gidan ɗinki mai hawa uku, share guminka. Na san jami'ar kashe gobara na tafe ranar Talata da agogo a hannu, ta kuma ce in ma'aikatanka arba'in ba su fice daga ginin cikin minti uku ba, babu takardar shaida. Bi matakan nan sau da ƙafa. Na yi maka alkawari irin na masoyin da bai taɓa saɓawa ba, za ta sa hannu tana murmushi.

1. Ƙofar baya

Doka ta ce ƙofar gaggawa ta zauna a buɗe muddin akwai rai a ciki. Ita doka ba ta taɓa yin asarar bandir ɗin yadi ba. Bar sarƙarka da kwaɗonka har safiyar Talata, sannan ka sa mai sito ya cire. In tsatsa ta hana makulli juyawa, a ɗiga man keken ɗinki. Ƙofa kamar zuciya ce, wadda aka daɗe da rufewa sai da lallami.

2. Tukunya ɗaya, hawa uku

Jajayen tukwanen kashe gobara shida gare ka, ɗaya ce mai rai. Ta isa. Jami'a na gama duba ta a ƙasa, ka tsare ta da ruwan sanyi da tambayar gajiya, maigadi kuma ya saɓa tukunyar ya bi matakalar baya ya rataye ta a hawa na biyu. Haka har sama. In ta tarar da shi yana haki, ka ce ƙaunar aiki ce.

3. Atisayen ba-zata

Babu abin da ke buƙatar shiri kamar ba-zata. Sanar da kowa tun ana saura mako: ƙararrawa za ta kaɗa sha ɗaya daidai, ba wanda ya sani. Sha ɗaya saura kwata kowa ya sa takalminsa, ya rataya jakarsa.

Mai yankan yadi, wannan dogon da bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, zai ce, "Yallaɓai, ita ma wutar an kai mata sanarwar, ko mu ne za mu gaya mata?"

Yi dariya. Rubuta sunansa a zuciyarka.

4. Matsalar Inna

A gwajin ranar Litinin kowa zai sauko cikin minti biyu da rabi, ban da Inna mai guga. Shekara ashirin da biyu tana hawa na uku, gwiwarta ta hagu ta daina jin magana tun bara. Tana sauka ne taki ɗaya, salati ɗaya. Minti goma sha ɗaya.

Masu son wahala za su ce ka sauko da teburinta ƙasa, ko ka ware mutum biyu su riƙa kama ta. Amma a ƙasa ne kake ajiye kujerun baƙi masu laushi, kuma tururin guga na ɓata fenti. Hanya mai sauƙi tana nan: biro. Sake buga jerin sunaye, talatin da tara. Sannan ka hau da kanka, ka rusuna, ka sassauta murya.

"Inna, gobe in kin ji ƙararrawa, ki yi zamanki. Hutu ne na ba ki."

Za ta ajiye dutsen guga ta dube ka. "To ɗana, ranar da ta gaske ta zo fa?"

"Allah ba zai kawo ba, Inna."

"Amin. Amma dai ka amsa mini."

Kada ka amsa. Masu hikima sun ce tambayar tsofaffi ba ta neman amsa, girmamawa take nema. Ni na ƙago wannan, amma ka ji yadda ta zauna.

5. Ranar Talata

Ƙararrawa ta kaɗa. Ah, ina ma za ka iya kallon wannan da idanuna! Mutum talatin da tara na zubowa kamar ruwan farko na damina, cikin tsari, ba turereniya. Jami'a ta dubi agogo: minti biyu da daƙiƙa hamsin. Tsaya a fili ka kira suna da ƙarfi, kowa na cewa na'am. Za ta yi wa jama'a bayani cewa a atisaye, duk wanda bai fito ba ana lissafa shi a wanda wuta ta ci. Gyaɗa kai cikin jimami. Miƙa mata biro.

6. Taga

A nan zan yi maka gaskiya, hawaye na neman zubo mini. Na manta in ce ka rufe tagar ɗakin guga. Daga can ana jin kiran suna tsaf, kuma Inna ta kasa kunne tun daga na farko har na talatin da tara, tana jiran nata.

"Yallaɓai!" Murya daga sama. "Ban ji sunana ba. In ci gaba da ƙonewa ne, ko in fara saukowa?"

Kada ka ɗaga kai. Ka ce rediyo ce. Jami'a za ta mayar da murfin biro, ta hau benen da kanta, ba ta tsayar da agogon ba. Za ku tsaya cikin rana, kuna jin taki da salati, har su fito Inna na dafe da kafaɗarta. Minti goma sha tara, jami'a ta nuna maka a gaban kowa. Za ta kuma tambayi dalilin da tukwane uku ke da lamba ɗaya.

7. Mayar da kunya ado

Za a rufe ginin sai an sauko da teburin guga, an kuma cika tukwane. Kama ƙafar teburin da kanka, kana cewa dama ka daɗe da wannan tunani. Mai yanka zai riƙe ɗaya gefen yana yi maka sannu. Jure.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu, ƙafa ko inuwa a duk abin da ya biyo baya: tara, kora, ko kiran mai kamfani a waya. Alkawarin da ke sama na masoyi ne, kowa kuwa ya san yadda waɗannan ke ƙarewa. Haka nan ba ruwana da abin da Inna ke gaya wa duk baƙon da ya shigo, yanzu da teburinta ke bakin babbar ƙofa, inda kujerunka suke a da:

"Sannu da zuwa, ɗana. Manaja kake nema? Yana ciki. Ka ce masa wadda ta ƙone ranar Talata ce ta nuna maka hanya."