Tuffar Wilma a Cikin Ƙanƙara

Kamar kullum, Lorna ta tura ƙofar kicin da kafaɗa, burodi mai zafi a hannunta, ta tarar da kakanta Orval yana tsiyaya gahawa.

"Ina kwana, tsoho? Ashe darin jiya bai tafi da kai ba."

"Lafiya lau, amarya. Ya zo, ya ga ba nama a jikina, ya wuce."

Ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya faɗa kan taga. Darin Mayu, mai zuwa bayan itatuwa sun yi fure, ya sauko jihar Michigan cikin dare. Itacen tuffar da marigayiya kakarta Wilma ta dasa yana tsaye a tsakiyar lambu, ƙanƙara ta lulluɓe shi tun daga saiwa. Kowane fure na kwance a cikin kwalbarsa ta gilashi, hantsi na ratsa su, sai ka ce an rataya fitilu dubu. A gindinsa tiyo na ta feshin ruwa.

Ta ajiye burodin a kan tebur.

"Tsoho, ka kashe tuffar Kaka Wilma. Mutane na rufa wa nasu bargo, kai ka yi wa taka wankan asuba? Bari in kashe famfon nan."

"Taɓa famfon nan, in sake ki saki uku."

"Auren da ko sadaki ba ka biya ba?"

"Da me kika girma in ba tuffata ba? Zauna. Muddin ruwa na zuba yana daskarewa, furen na cikin ɗumi. Kika tsayar da shi kafin rana ta narkar da ƙanƙarar, bana ko ɗa ɗaya ba za mu tsinka ba."

"Ƙanƙara ce bargo? Lallai tsufa ya zo da kayansa."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ni da dari mun san juna tun uwarki na rarrafe. In ya hango ni, hula yake cirewa."

"Shi ya sa hancinka ke zuba kamar tiyon."

Ya yi dariya, amma ta lura idonsa bai bar kan itacen ba. Itacen ne kaɗai abin da ya rage mai rai daga hannun Wilma.

Suka zauna suna kallo har rassan suka fara ɗiga. Orval ya fita, ya dawo da fure ɗaya a tafinsa, jiƙe sharkaf.

"Idona ya gaji. Tsaga shi da farce ki duba cikinsa. In baƙi ne, ya mutu."

Ta tsaga a hankali, numfashinta a riƙe. Can ciki ga wani ɗan ƙaramin abu, bai kai gero ba, kore shar.

"Kore ne, Kaka," ta ce ƙasa ƙasa. "Ya kwana cikin ƙanƙara, kuma yana da rai."

Orval ya kau da kai wajen taga, ya share ido da bayan hannu.

"To, wa ya ce tsufa ya zo da kayansa?"

"Na janye. Gani ya kori ji." Ta tura masa burodin gaba ɗaya tana dariya. "Ga tukuicinka, ango."

"Ajiye min ɓawon, haƙorana uku sun fi naki aiki."

Ya karɓi furen daga hannunta, ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya ɗauki hularsa, ya fita kashe famfon.