Ragon Sunan da Cindo Ya Binne

Tun rasuwar maigidana mu biyu ne a gida, ni da ɗana Cindo, sai rago ɗaya da na turke saboda suna, don 'yata Lantana na da tsohon ciki. Cindo har ya yi gemu, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Kullum hankalina na kansa.

Wata rana zan je duba Lantana, na ce, "Kada ka bar kwanon ragon nan ba komai." Da dusa ta ƙare sai ya buɗe rumbu. Rago na ci, yana ƙara masa dawa. Na dawo na tarar da cikin ragon kamar ganga. Malam Ilu, malamin dabbobi, ya ce hatsin ya ɓata tumbi, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke wucewa su kama hanta.

"Amma Inna, kwanon a cike yake," in ji Cindo.

Wata rana, bayan rago ya rame ya daina ci, Malam Ilu ya yi masa allura ya ce kada rana ta taɓa shi. Inuwa na matsawa, Cindo na saɓa rago a kafaɗa yana bin ta, har zauren liman, inda ya tsaya cikin ɗalibai. Dabbar ta dawo a galabaice.

Wata rana, ranar sunan ke nan, aka yanka shi. Hantar duk ƙuraje. Wuƙar Barau mahauci ta fasa babba, mugunya ta malale kan naman. Malam Ilu ya ce, "Duk abin da ta taɓa a binne." Na shiga wajen baƙi. Kafin in fito Cindo ya binne naman, da wuƙa, da tasata ta aure da aka zuba naman a ciki, yana jan Barau zuwa ramin.

"Sake ni, ɗan nema!"

"Kawu, hannunka ma ya taɓa."

Barau ya ƙwace ya gudu, ashe da cinya ɗaya ɓoye a buhunsa. Baƙina suka ci tuwo da miyar kuka ba nama, ina sunkuyar da kai a gaban surukan Lantana.

Gidan Barau kuwa sun kwana biyu suna amai da zawo. Cikin baƙina ko ciwon kai babu.

Tasar tana ramin har yau. Cindo ya ce Malam Ilu bai ce a tono ba.