Akwatunan Tafsirin Baba

Shekarar da aka canza takardun kuɗi na ƙudura raba faya-fayan CD na tafsirin marigayi mahaifina cikin ƙananan akwatunan katako. Na samu kafinta a Kurfi, Malam Sabi'u. Wai sai na kawo faifai ɗaya ya auna. Ni da nake jan layin allo da ido tun kafin a haife shi?

Na ce, "Faɗin yatsa bakwai ne. Yanka kawai."

Ya auna da nasa yatsun, ya yi guda hamsin. Ban gwada ko ɗaya ba na wuce Dutsin-Ma, inda mai injin zane da wuta ya zana musu Bisimilla da sunan Baba da ajamin hannuna. Ranar rabo, a gaban dattawan ɗaliban Baba, faifai ya ƙi shiga.

Na koma Kurfi a fusace. Sabi'u ya jera siraran yatsunsa kusa da nawa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba ka bar mini naka yatsun ba."

Akwatunan ba su ƙonuwa, ba su yarduwa, da sunan Allah a jikinsu. Har yau in na zauna cin abinci, yayata Hajiya takan ce, "Ku ƙaro tuwo, da yatsun Malam za a auna."