Man Gyaɗa Ya Kashe Jitar Gidanmu

Da zuciya mai cike taf da baƙin ciki, ni Mama Christiana, matar marigayi Baba Josiah, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar Jitar gidanmu. Ta cika ranar Talata da tsakar rana a kan kwanon rufin kicin, ga bikin jikata Hope ranar Asabar.

Marigayiya ta riga ni shiga gidan nan, don da ita aka nemi aurena. Ba ta taɓa neman fetur ba, ba ruwanta da ɗauke wuta. Duk 'yar da za a kai gidan miji, ita ke raka ta bakin ƙofa da waƙar da Baba ya haɗa, girin-girin-gin, sai an sha kuka a shiga mota. A bayan wuyanta akwai inda babban yatsan Baba ya goge har ya yi baƙi, ya yi santsi. Tun da ya tafi, in kewa ta ishe ni, nan nake ɗora nawa yatsan.

Ciwon ajali daga ɗana Joshua ya fito, ƙato da gemunsa. Wai wuyan ya bushe, hannu ba ya gudu. Ya gani a waya ana shafa wa wuyan jita mai, in ya sha a bi da soso mai laushi a kashe ƙyallin. Bai tsaya jin wane mai ba. Ya kwashi man gyaɗar da na sayo a Kasuwar Kure don suyar biki, ya yi mata wanka da shi. Mai ya ƙi bushewa, ya yi danƙo, kiyashi suka zo gaisuwa tun ba a mutu ba. Sai ya ɗauko soson ƙarfen da muke kankare gindin tukunya, har da toka, ya dirje ta. Ƙyalli ya tafi, sawun yatsan Baba ya bi shi. Ya kuma shanya ta a rana kamar barkono. Maganarta ta ƙarshe ita ce ƙas! Wuya ya tsage ya karkace. Ishaku kafinta ya juya ta, ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar tsirkiya huɗu, da jakarta, da Joshua da ke cin tuwo a bayan gida don kunya. Ta bar Hope, wadda ta rantse ba ta taka bakin ƙofa sai da waƙar kakanta, alhali dangin ango daga Gwada sun riga sun kama mota. Yarinyar nan halina ta ɗauko, in ta rantse ta rantse. Ina zan sa fuskata?

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da yamma, a naɗe ta da zanen zumuntar matan coci, a kwantar a saman durowata. Ba a karɓar gaisuwar baki. Nana Khadija, a tukwanena kika dafa duk bukukuwan gidanki, kuma na san ɗanki Badaru na da jita. Patricia ta ƙungiyar mawaƙa, ni na yi miki wankan jego, makullin kayan kiɗan coci kuwa yana hannunki. Don Allah ɗaya a cikinku ta zo da mai rai a hannu.

Ba za a wanke gawa ba. Can kusa da kanta akwai ɗan baƙi kamar ƙwayar wake da soso bai kai ba. Kada wanda ya taɓa mini shi.