Ranar da Tashar Ta Isa Kahu

Jiya na rungumi rediyona na hau motar kasuwa zuwa Kahu, don in wanke kaina a gaban wan matata, Alhaji Mukhtar. Na dawo da dauɗar da ta fi wadda na tafi da ita.

Tun da Allah Ya yi wa matata Khadijatu rasuwa a nan Rano, Alhaji bai ƙara amsa sallamata ba. A ranar wayarsa ta ƙi shiga, sai na aika a yi sanarwa a gidan rediyon nan namu. An kuwa karanta. Mutanen Kahu ba su ji ba, aka sallace ta babu ɗan'uwanta ko ɗaya a sahu. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Shi dai abin da ya riƙe a ransa shi ne ban sanar ba.

Da abin ya ishe ni, na je tashar na sami injiniyansu, wani Nasir. Ya buɗe mini tiransimita, wato injin da ke cilla murya sama. Cikinsa amfilifaya ne a jere kamar aljihunan durowa, kowanne yana ƙara nasa ƙarfin.

Ya ce, "Baba, ba duk wutar da suka ci ke zama murya ba. Kaso mai tsoka zafi yake komawa."

Na ce na san irinsu, da wasu ma muka yi makaranta.

"To in ɗakin babu sanyi, dole mu kashe rabi, mu rage wa sauran ƙarfi, don kada su ƙone. Murya kuwa iyakarta bayan gari."

"Ina na'urar sanyaya ɗakin?"

Sai ya ɗaga kai ya dubi bene, inda ofishin ubangidan tashar, Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle, yake. Ni ban ga laifin Mai Girma ba. Shi ma inji ne, yana ci da yawa ya fitar da kaɗan, kuma in ya ɗauki zafi mu ne muke ƙonewa.

Da wannan ilimi na isa Kahu. Na tarar da Alhaji a ƙofar gida tare da dattawan unguwa.

Na ce, "Alhaji, ga shaidata. Murɗa da hannunka. In ka ji wani abu ban da shuuu, ka kira ni maƙaryaci."

Ya murɗa. Murya ta fito tangaram, kai ka ce mai maganar yana kan tabarmarmu. Mai Girma ne da kansa, yana jawabin zagayowar ranar hawansa kujera. Daga baya na ji tun jajibere aka sauko da na'urar sanyin, aka hayo wata, aka kunna kowane amfilifaya, har waɗanda suka daɗe da yin ritaya.

"A yau," in ji Mai Girma, "babu lungun da muryar talaka ba ta kaiwa."

Alhaji ya saurara har aka gama tafi. Ya kashe, ya miƙo mini rediyon da hannu biyu.

"Malam Isyaku, kai ka ce in kira ka. Ba zan kira ba, albarkacin marigayiya." Ya shige gida.

Wani tsoho ya matso ya ce, "Kai, rediyon nan da kyau yake. A Kano ka saya?"

Ana kukan targaɗe, sai ga karaya.

Yau da safe an mayar da na'urar sanyin bene. Don haka duk mai dangi a Kahu ko Lausu, in ya ji ajali ya matso, ya daure ya jira ranar jawabi.